Gyaran Falalu

Butik ɗin Falalu, ɗan shagonsa a bakin kasuwar Tanut, bai fi ɗakin kwana girma ba. Sukari yake sayarwa da ganyen shayi da dabino da sabulu, tun yana da baƙin gemu. Da gyara aka san shi, wato ɗan abin da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan ya cika masa tiya. Na Falalu tafin hannu guda ne, kuma har zolayarsa ake yi cewa hannun nan ƙanƙancewa yake in sukari ya yi tsada.

Sai aka buɗe wani katafaren kanti a tsallaken titi, mai firji da fitilu, komai a ƙulle cikin leda. Ba a daɗe ba maƙwabcinsa Attahir ya rufe nasa ya koma gona. Tsoro ya kama Falalu sosai, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ko tuwo ya daina shiga masa.

Mutum guda ne ke riƙe da butik ɗin: Almustafa, dattijon makiyaya daga wajen Belbeji. Inda ya durƙusar da raƙuminsa, nan danginsa duka ke saye. Bana kuwa fari ya cinye masa rabin garke, kowa ya sani, ba mai faɗa a gabansa.

Ranar kasuwa Falalu ya hango shi tafe. Ya ga dattijon ya ɗan waiga wajen fitilun nan. Suka gaisa, Almustafa ya ce a auna masa sukari tiya ɗaya, shi da ya saba ɗaukar huɗu.

Falalu ya auna. Ya zuba gyara. Zuciyarsa ta ce wannan ba zai riƙe mutum ba, sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, har gyaran ya kusa kai rabin tiya, 'ya'yan Almustafa da ƙannensa na tsaye suna kallo.

Almustafa ya ja rawaninsa ya rufe hanci.

"Falalu, mene ne wannan?"

"Gyara ce, Alhaji. Ai mun daɗe tare."

"Na san gyaranka, tafin hannu ne. Wannan sadaka ce. Wa ya ce maka na kai nan?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba!"

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya juye sukarin gaba ɗaya cikin buhun Falalu, ya kakkaɓe zanen da aka zuba masa a ciki, ya tsallaka titi zuwa inda ba a ƙara wa kowa ko ƙwaya. Falalu na tsaye da tiya a hannu, yana kallon dangin dattijon suna kwance raƙuma ɗaya bayan ɗaya suna bin bayansa.