Tarwaɗa a Tekun Muttaka

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Ƙanƙara ya san Malam Muttaka direba, in bai san shi da suna ba ya san shi da bokiti. Shi ne mutumin nan da zai wanke mota da safe, ya kai masara Sabuwa, ya dawo ya sake wanke ta kafin magariba, ko da kuwa hadari ya haɗu yana shirin wanke masa ita kyauta. Abokan aikinsa suna cewa da zai samu hali, har tayoyi sai ya yi wa guga. Ba ya jin haushi. Tsabta ce Allah Ya ɗora masa, yadda Yake ɗora wa wani son shayi.

Kafin ya dawo gida ya kama 'yar hanyar nan ta Faskari da Sabuwa, shekara goma sha tara ya yi yana jan babbar mota zuwa Legas. A can ne wata rana, yana jiran a sauke kaya, ya raɓi wani shago don ya sha inuwa, ya ga abin da ya hana shi sakat. Akwatin gilashi ne cike da ruwan teku, a ciki ga wani ɗan kifi ruwan lemo mai fararen ɗamara uku, kamar wanda tela ya ɗinka wa kayan salla. Mai kula da shagon wani Bilya ne, mutumin Faskari da neman abinci ya kai can. Daga jin harshen juna suka ƙulla abota.

Da ya dawo gida ya kwashe labari ya ba mahaifinsa. Baba Almu tsohon mahaƙin rijiya ne, ya shiga cikin ƙasa a Pauwa da Mabai da 'Yargoje har ya daina tuna adadi, kuma a ganinsa ba wani abu game da ruwa da zai zama sabo a wurinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama.

"Kihi da ɗamara? Muttaka, ku direbobi in hanya ta yi maku tsawo, sai bakinku ma ya ƙara tsawo."

Shi ke nan magana ta bi gida. Ko Muttaka ya ce an yi ruwa a Funtuwa, sai tsohon ya tambaya, "Shi ma mai ɗamara ne?" Da wayoyi masu hoto suka zo ya nuna masa, Baba ya ture hannunsa ya ce ai a waya ya ga jaki da fiffike. Muttaka yakan yi dariya tare da kowa, amma abin yana yi masa ciwo. Mutum ya yi furfura, ubansa yana kallonsa a matsayin mai shirga ƙarya, ba daɗi ko a wasa.

Bara waccan, da zaman ƙauye ya yi wuya, ya ɗauko tsohon daga Pauwa ya dawo da shi gidansa. A nan aka lura yana laluben buta alhali tana gabansa. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana tsukewa a hankali, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai zai yi. Baba bai nuna damuwa ba. Ya ce yanzu yana ganin duniya ne kamar mai kallon sama daga gindin rijiya, kuma wannan ai ya saba.

A hanyar dawowa daga asibiti Muttaka ya yanke shawara. Kafin bakin rijiyar nan ya rufe, sai Baba ya ga kifin da idonsa.

Ya kira Bilya. Cikin mako biyu wani abokinsa direba ya sauke masa kaya: akwatin gilashi mai cin jarka huɗu, farin yashi, wasu duwatsu masu huji-huji, ɗan injin juya ruwa, da buhun gishiri na musamman, don Bilya ya rantse masa cewa na miya ba ya yi. Ruwan rijiya ma bai yi ba, sai tataccen ruwa daga masu ruwan leda. Ya kafa akwatin a falo, nesa da taga, ya haɗa injin da batirin mota da faifan sola. Ya dama gishiri ya auna, ya ƙara, ya sake aunawa. Da ruwan ya kwanta ya yi garau, sai ya kira Bilya ya ce a turo kifi.

Bilya ya yi dariya. "Malam, yanzu ka hwara. Ruwan nan kango ne, ba kowa ciki. Akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da kashin kihi ke zama. Sai sun hayayyahwa cikin duwatsun nan tukuna. In ka sa kihi yau, kashinshi ne zai kashe shi."

"To ina ake saido su?"

"Da kansu suke zuwa, amma sai ka aje masu abinci. Ka yanki ɗanyen kihi ka jehwa, ka bar shi ya ruɓe."

Ya kuma yi masa bayanin 'yar kwalbar gwaji da ya saka cikin kayan. A ɗebi ruwa, a ɗiga magani. Da farko zai nuna rawaya. In ruɓa ta kama zai koma kore, alamar guba ke nan. Ranar da ya dawo rawaya da kansa, to, masu gida sun tare, sai kifi.

Muttaka ya ce to. Ya kashe waya, ya dubi ruwan nan da ya fi na randar amarya haske, ya ji zuciyarsa ta ƙi. Shi, da hannunsa, ya jefa mushe a ciki? A falonsa? Ya gaya wa kansa cewa ai rawaya ake nema, ga rawaya tun ranar farko, mene ne na bi ta kore. Da wannan lissafin ya zauna mako uku cur yana goge gilashi safe da yamma. In Bilya ya tambaya ko ya sa abin da aka ce, sai ya amsa, "Ana kai." Bilya kuwa ya ce ba zai saki kifi ba sai ya ga hoton kore da idonsa.

Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, su tsaya su dubi duwatsu, su yi wa matarsa Saudatu barka, su fita suna danne dariya. Ita kuwa in an tambaye ta sai ta ce, "Wasu na kiwon awaki, Malam na kiwon ruwa."

Wanda abin ya fi damu shi ne Baba Almu. A sana'arsa, rijiya ba ta kammalu ba sai an jefa mata tarwaɗa. Ita ce take cinye ƙwari, ita ce take nuna ruwa lafiyayye ne, kuma bai taɓa naɗe igiyarsa ya bar wa mutane ruwa ba rai a ciki ba. Kullum yakan zauna kusa da akwatin yana jin ƙarar injin, yana tausayin ɗansa da aka mayar abin dariya. Ranar kasuwa, da Muttaka ya tafi Sabuwa zai kwana biyu, tsohon ya ɗauki sanda da buta ya lallaɓa wurin Ɗanliti mai kifi. Ya zaɓo 'yar tarwaɗa mai ƙarfi da hannunsa, ya dawo, ya yi bisimilla, ya sake ta cikin tekun ɗan nasa.

Baiwar Allah ba ta san gishiri ba. Ta yi 'yan zagaye, ta kurɗa bayan duwatsu, ba ta sake fitowa ba. Baba ya ce kunya take ji.

Wari ne ya tari Muttaka tun daga zaure. Ya shiga ya tarar ruwansa ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, Saudatu ta toshe hanci da gyale, tsohon kuma yana zaune yana jiran godiya. Ya zura hannu ya zaro abin da ya rage na tarwaɗar. Mako uku na wahala, ga kwanaki suna tafiya da idon Baba. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Haba Baba! Kai da ba ka gani, mi ya kai ka taɓa abin nan?"

Muttaka bai taɓa yi wa mahaifinsa magana haka ba. Baba Almu ya laluba sandarsa, ya miƙe.

"Gaskiyarka," ya ce, ya shige ɗakinsa.

Muttaka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fita tsakar gida ya kira Bilya, ya ce komai ya lalace, zai zubar da ruwan. Bilya ya ce kada ya kuskura, ya gwada tukuna. Ya ɗiga maganin, kwalba ta yi kore shar.

"Alhamdu lillahi!" in ji Bilya. "Wa ya yi maka wannan aikin? Don na san ba kai ba ne."

Da ruwa a hannunsa ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohon. Ya ba da haƙuri, ya kuma faɗi gaskiya, cewa an ce ya sa mushen kifi tun farko, ƙyanƙyami ya hana shi. Baba ya bar shi a durƙushe har gwiwa ta fara magana, sannan ya ce, "Ashe dai har teku sai da tarwaɗa. Tashi, na yahe maka."

Daga nan suka shiga jira tare. Kowace safiya Muttaka ya ɗiga magani, ya kai kwalbar daf da idon dama, tsohon ya faɗi launi. Muttaka ya daure ya bar duwatsu suka yi dauɗa ruwan ƙasa, bai taɓa su ba, ko da yake hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. In zafi ya sha ruwan sai ya cika da mara gishiri, yadda aka koya masa. Mako na biyu Baba ya ce kore. Mako na uku ya ce kore mai haske. Mako na huɗu ya daɗe yana juya kwalbar, sannan ya ce, "Kai ka hwaɗa mani yau." Muttaka ya ce rawaya ce, yana tuna cewa da bai ɓata makonnin nan uku ba, da tuni an wuce wurin.

Ya ƙara kwana biyar don wani gwajin da Bilya ya nace a kai, sannan aka sako kifi biyu cikin leda mai iska, a cikin kula. Shi da kansa ya je Funtuwa ya tarbi motar, ya dawo yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya sa ledar ta yi iyo a saman ruwan, ya riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan har kifayen suka saba, sannan ya sake su.

Da la'asar ce. Saudatu ta yaye labule, Muttaka ya kunna fitilar akwatin, ya kamo hannun mahaifinsa ya zaunar da shi. Tsohon ya manna goshi da gilashin da aka goge ɗazu. Ya juya kai hagu, ya juya dama, yana neman inda ɗan hasken da ya rage masa zai faɗa. Ɗaya daga cikin kifayen ya fito daga bayan dutse, yana rangaji, ya zo ya tsaya daidai hancinsa.

"Ikon Allah," in ji Baba a hankali. "Kamar ɓawon lemo." Ya ƙura wa kifin ido. "Ɗamara nawa ka ce?"

"Uku, Baba."

Tsohon ya ƙara matsawa, ya daɗe.

"Biyu nike gani," ya ce. "Ta ukun kau, tunda kai ka hwaɗa, akwai ta."

Muttaka ya bar shi a nan da goshi a jikin gilashi, ya ɗauki bokiti ya fita ƙofar gida. Saudatu ta leƙo za ta tuna masa cewa ya wanke motar da safe, ta ga fuskarsa, ta koma ciki ta ƙyale shi.