Na Yi Tsere da Jirgin Abuja

Jama'a, yau na ga ta kaina a Kurfi!

Da hantsi surukina Alhaji Sani ya kira ni daga filin jirgin Abuja: "Musa, yanzu za mu tashi, ka tarbe ni a Katsina."

Na ce, "Baba, kafin ku sauka ina can!" Ni a tunanina Abuja uwa duniya ce, daga gida Dutsin-Ma zuwa Katsina kuwa nan da nan. Har na tsaya wanke mota, su o'o manya!

Ina shiga Kurfi, gimbiyar motar tawa ta yi tari ta mutu. Tsakiyar titi, ranar kasuwa! Makanike ya ce, "Ƙaramin abu ne." Ƙaramin abu har azahar! Ashe tafiyar jirgin awa guda ce. Baba ya yi ta kira, kunya ta hana ni ɗauka.

Can sai ga tasi daga Katsina za ta Dutsin-Ma, ta tsaya. Wa zai fito? Baba!

Ya dube ni ya ce, "Sannu da tarba, Musa. Shiga ka riƙe sitiyari."

Wallahi surukina ya naɗe babbar riga ya tura ni, 'yan kasuwa suna ta, "Allah ya ba da lada, Alhaji!"