Zanen da Dauda Ya Kama a Kanal ɗin Saga

Dauda tela mutumin Tawa ne. Ya zo Yamai yana saurayi, da keken ɗinki guda da kawunsa ya bar masa, ya kafa rumfa a Zongo, bai sake tashi daga nan ba. Shekara talatin da takwas ke nan yana taka keke. Ya ɗinka wa amare, ya ɗinka wa ƴaƴansu kayan makaranta, yanzu har jikoki sun fara zuwa awo. Gajere ne, mai yawan dariya, kuma duk inda za shi akwai allura soke a hularsa da zare naɗe a jikinta, ko da masallaci ne.

Da bayansa ya fara ciwo, likita ya ce ya riƙa barin keken yini guda a sati. Zaman gida kuwa bai karɓe shi ba. Lahadi biyu kawai ya yi, matarsa Zulaiha ta gaji.

"Malam, don Allah ka nemi wurin zuwa," in ji ta. "Ka kwance labule, ka rage mini hannun riga ban sa ka ba. Saura me?"

Sai ya samo gora doguwa, ya ɗaura mata zaren fatsa da ƙugiya da ƴar totuwa mai nuna in kifi ya ja, ya fara zuwa Saga, can bayan gari. Bayan azahar yakan shiga motar haya ta faba-faba, ya sauka bakin titi, ya bi gefen gonakin shinkafa har gindin wani mangwaro a bakin kanal ɗin da ke kai ruwan kogi gonaki. Wurin shiru, sai balbelu da kukan injin ban ruwa can nesa. Soka tana a ƙugiya ba ya ba shi wuya, hannun tela ne. Kifin ne dai bai san da haka ba. A sati bakwai karfasa huɗu ya kama, kowace ba ta cika tafin hannu ba.

Ran Lahadi ta takwas, yana zaune ya zuba wa totuwar da ke yawo kan ruwa ido, barci na ɗan fizgarsa, sai ta nutse. Ya ja, gora ta lanƙwashe. Ya miƙe tsaye, ya manta da ciwon baya, yana ja yana kabbara, a ransa ya riga ya gama rabon giwan ruwa ga maƙwabta. Abin ya taso a hankali, shuɗi, mai zanen furanni. Zanen atamfa ne.

Yana tsaye riƙe da shi yana ɗigar ruwa, sai ga wata mata ta taho da gudu ta bakin kanal, hannayenta duk kumfar sabulu. Sunanta Hamsatu, Bazabarma ce, manomiyar shinkafa, tana wanki can sama ruwa ya ƙwace mata zane.

"Fofo, Baba!" ta gaishe shi da Zabarmanci. "Kifin nan nawa ne!"

"Guda ɗaya ne tak," in ji Dauda, "kuma shi ne mafi girma da na taɓa kamawa."

Ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Amma da ta warware zanen sai dariyar ta tsaya: ƙugiya ta yaga shi kusan taƙi guda. Ƴarta ce ta aiko mata da shi daga Gaya, sau biyu kawai ta ɗaura.

"Shanya shi nan kan ciyawa," in ji shi.

Ya yi sallar la'asar, zane ya sha iska, ya zare allura daga hula. Ya bi yagar a hankali, yana haɗa fure da fure. Da ya gama, Hamsatu ta juya zanen gaba da baya, sai da ta ɗaga shi a rana kafin ta ga wurin. Ta leƙa bokitinsa, ba komai sai ruwa.

"Baba, ɗinki ka iya, amma su ba ka iya ba. Nan ruwa gudu yake, kifi ba ya tsayawa. Tashi."

Ta kai shi kusa da ƙofar ƙarfen da ake tare ruwa, inda ciyawa ta yi duhu. Ta je gida ta dawo da dusar shinkafa, ta kwaɓa, ta watsa dunƙule biyu. Ba a jima ba totuwa ta fara rawa. Kafin rana ta yi ja ya fitar da karfasa goma sha ɗaya, yana ƙirga su da ƙarfi, wai kada a ce ya ƙara.

Lahadi ta gaba ya tarar da mata uku suna jiransa, kowace da yagaggen kayan da za a ɗinke mata a hannu da ƙullin dusa. Tun daga nan abin ya zama haka. Yana zuwa da gwangwanin maɓallai, suna nuna masa inda kifi ya koma. Sharaɗinsa ɗaya ne: in totuwa ta motsa, allura ta tsaya.

Makon jiya Ismaël, mai buɗe ƙofar ruwa, ya kawo wando a rage masa tsawo. An gama ƙafa ɗaya totuwa ta nutse. Dauda ya yar da wandon, ya yi ta fama, kifin ya tsinke zare ya tafi da ƙugiya. Kafin ya gama ɗaura wata an kira magariba. Haka Ismaël ya koma gida da wandonsa a kafaɗa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, aka ce ya dawo Lahadi.