Filtar da Surukina Ya Kawo Daga Sakkwato

A shekarun da muka karɓi mulkin kai, lokacin da Turawa suke ta haɗa kayansu suna sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba, na sayi wata tsohuwar Landirofa a hannun wani da muka yi aiki tare. Ina malamin dabbobi a Tambuwal, aikina bin rugage ina yi wa shanu allura, tun daga gefen Jabo har can ƙasar Kebbe. Kafin motar nan a kan keke nake yi, in yashi ya yi yawa in sauka in tura. Don haka in na ce ina son motar, ban faɗi rabin abin da ke raina ba.

Makaniki kuwa babu shi a kusa, sai Sakkwato. Dole na koyi juyen baƙin mai da kaina: in shimfiɗa buhu a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, in kwanta rigingine da sifana, in tara daro. A cikin aikin duka, abin da na fi tsantseni da shi ita ce filta, wato matacin mai. Ta wancan zamani ba irin ta yau ba ce da ake murɗewa a jefar gaba ɗaya. Gwangwani ne na ƙarfe a jikin inji, a cikinsa akwai takarda mai kauri da aka naɗe ninki-ninki, ita ke tsare datti, ita kuma ake canjawa. Mai kyau ninkinta yana da yawa kuma a matse yake, in ka danna da yatsa ba ya lotsawa, tsawonta ya cika gwangwanin daidai, zoben robarta yana da laushi. Marar kyau, da mai ya yi zafi sai ta jiƙe ta ruguje, gutsattsarinta su toshe hanyar mai, inji ya buga. Injin da ya buga a wancan lokaci, ga mai albashi irina, an gama da maganarsa ke nan. Abokaina suna yi mini dariya, wai na fi daɗewa wajen zaɓen filta a kanti fiye da yadda na daɗe wajen zaɓen sunan ɗana. Ban taɓa musa musu ba.

Surukina, mahaifin matata, dattijo ne mai fataucin shanu daga Dogon Daji. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, daga nesa nake cire takalmi in tsuguna. Shi ma bai cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya faɗa wa ’yarsa ta faɗa mini. Ranar da ya ji na sayi mota, abin da ya dawo kunnena shi ne ya ce Malam ya sayi abin da ba ya haihuwa. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, na daɗe ina jin ta.

Wata bazara, gab da faɗuwar ruwa, aka aiko mini cewa makiyaya suna jirana a wajen Fakku, can ƙasar Kebbe, suna son a yi wa shanunsu allura kafin su tashi. Lokacin juyen mai ya yi, na shirya in yi da safe in kama hanya. Dattijon kuwa ya sauka gidanmu tun jiya, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Ina kwance a ƙarƙashin mota, mai yana tsiyaya a daro, sai ga matata da wani ƙunshi a tsumma.

“Malam, ga saƙon Baba,” in ji ta. “Ya ji an ce abin ga wuya garai samu, shi na yab bi kasuwa shina tambaya hay yas samo. Da hannunai yaz zaɓa, wadda taf fi nauyi.”

Na fito na kwance ƙunshin. Filta ce, kwalinta ja da zinariya, kyakkyawa a ido. Tana da nauyi kam, don an lafta mata ƙarfe mai kauri a baki biyu. Amma ninkin takardar tsiraru ne, na danna sai ya lotsa kamar danƙon da ya sha rana, tsawonta kuma ya gaza. Ya zaɓe ta yadda yake zaɓen komai a duniya, ya ɗaga ya auna a hannu. Ga rago ko buhun gero, wannan aunin ba ya ƙarya.

Na ce, “Wagga ba ta yi. Kashe mani inji za ta yi.”

Ta ce a hankali, “In ka maida mai ita, ba shi cewa komi. Amma ka sani, tun da anka yi auren ga bai taɓa riƙo maka komi da hannunai ba sai yau.”

Na san gaskiya ta faɗa. Mutumin da ya raina motar nan ne ya shiga layin masu kayan ƙarfe da tsufansa, yana tambayar abin da ko sunansa bai iya faɗi ba. Ina da tawa mai kyau a ƙarƙashin kujera. Na yi niyyar in yi godiya in sa tawa a ɓoye, sai na ga an shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, dattijo ya fito da carbinsa ya zauna. Kallon aikin ya zo yi.

Na gaishe shi, na yi godiya mai yawa, na koma ƙarƙashin mota da filtarsa. Na sa ta a gwangwani na ɗaure noti. Haushi nake ji, ban kuma san wanda nake jin haushinsa ba. Na lallashi zuciyata da cewa da na fita gari zan tsaya in canja, ɗan wannan taƙin ba zai yi ɓarna ba. Na zuba sabon mai, na tayar da inji, ya amsa lafiya.

Sai dattijon ya miƙe yana kakkaɓe buzunsa. “Kebbe za ka, Malam? Ni ma akwai shanun da nika son gani can. Mu tai tare.”

Ban taɓa yin tafiya mai tsawo irin wannan ba, alhali hanyar na san ta kamar tsakar gidanmu. Rana ta take, yashi ya yi laushi, inji yana gurnani yana ƙara zafi. Idona ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan ’yar fitilar da ke kamawa in mai ya daina zagayawa. Kowace ƙara na ji sai in kasa kunne. Ina tuƙi ina ganin takardar nan a zuci tana jiƙewa. In na tsaya na cire ta a gabansa, na ce masa ke nan bai san abin da ya sayo ba, a kuma bakin surukinsa. In na ci gaba, ban san a gindin wace bishiya motar za ta mutu ba. Shi kuwa yana zaune a gefena, ya riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu, yana kallon gonaki da aka share ana jiran ruwa.

Da azahar ta yi ya ɗaga hannu, na tsaya kusa da wata tsamiya. Muka yi alwala, ya ja mu salla. Da muka sallame sai ya naɗe buzunsa, bai dube ni ba, ya ce, “Ina da wuridi mai tsawo yau. Zan koma can gindin kiryar can, kada a dame ni. Kai kau in akwai abin da kaka son dubawa ga motarka, duba a hankali. Ba mu sauri.”

Ya tafi can nesa, ya zauna ya juya mini baya.

Na ja buhu na shige ƙarƙashin mota. Gwangwanin ya yi zafi har ya ƙona mini yatsu, mai ya zubo mini a hannun riga. Da na zaro filtar, gefe ɗaya ya riga ya soma lanƙwashewa ciki. Na naɗe ta a tsummanta na tura ƙarƙashin kujera, na sa tawa, na cika man da ya ragu. Duk tsawon wannan aiki, in na leƙo ta tsakanin tayoyi, bayansa kawai nake gani. Bai motsa ba sai da ya ji na tayar da inji na kashe.

Har yau ban san ko ’yarsa ce ta gaya masa, ko kuwa a fuskata ya gani ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskar masu ciniki. Ban tambaya ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Ya dawo a hankali, ya same ni tsaye, hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ina neman inda zan ɓoye su. Ya sunkuya ya ɗebo yashi ya zuba mini a tafi, sannan ya ɗauki butarsa. Na ja baya, na ce, “A’a Baba, ni ka zuba ma ka ruwa, ba kai ba.”

Ya ce, “Tara hannunka, Malam.”

Na tsuguna na tara. Yana tsaye a kaina yana zuba mini ruwa kaɗan-kaɗan, ina cuɗawa da yashi, kaina a sunkuye don kada ya ga idona.