Lungun da Kakana Ya Buɗe

Rijiyar bayan gidanmu a Koki kakana ne ya haƙa ta. Ya yanki gefen gidansa ya bar shi lungu, don matan unguwa su riƙa shigowa ɗibar ruwa. Tun tasowata ban taɓa ganin guga ya fito wayam ba, ko da bazara.

Sai wani baƙon Alhaji ya sayi kangon da ke ƙarshen lungun, ya haƙa burtsatse mai zurfi, ya kafa injin ruwan leda. Ba a jima ba guganmu ya fara jawo laka. Muka je wurinsa da dattawa. Ko tabarma bai shimfiɗa mana ba.

"Malam, ruwa na Allah ne," in ji shi. "Mai doguwar igiya shi ke sha."

Muka juya muka tafi. Da tallan robobi na fara a Ƙofar Wambai har na kai ga shaguna, na kuma san ba a nuna wa abokin ciniki abin da ke aljihu.

Ranar da mahaifiyata ta rasu aka zura guga, ko ɗigo babu. Da ruwan 'yan garuwa aka yi mata wanka, matar da tun tana amarya rijiyar nan take sha. Wannan ne ban yafe ba.

Da Alhaji zai sayi kango bai tambayi lungun na wane ne ba. Ya ga ana wucewa, ya ɗauka hanyar kowa ce. Ta nan kaɗai masu baro ke fitar masa da ruwa zuwa titi. Bayan sadakar bakwai na kai wa mai unguwa tsohuwar takardar gidanmu, dattawa suka shaida. Don rijiya aka buɗe lungu, rijiya kuwa ta ƙafe. Na kawo bulo da magina, na bar ƙofar da sai mutum ya karkace zai wuce. Baro ba ya karkacewa.

Alhaji ya zo yana huci. "Haba Malam, ina haƙƙin maƙwabtaka?"

"Ƙasa ma ta Allah ce, Alhaji. Mai tsohuwar takarda shi ke gini."

Ya ce zai ja mana famfo kyauta. Na ce a ja wa mahaifiyata.

Sai da aka kwance injin gunduwa-gunduwa kafin ya fita ta ƙofar nan. Na sa benci na zauna ina kallo har ƙarfe na ƙarshe.

Da damina ruwa ya dawo. Mata na mita wai bokiti na gogar bango. Su yi haƙuri, kangon har yanzu nasa ne.