Ruwan da Na Hana a Zubar

Har yau idan na tuna da lambun nan na bayan unguwar Jurf, zama gagarata yake yi, sai in tashi in yi ta kai da kawowa a ɗaki.

Shekarata ta biyu ke nan a Madina, ina aiki a gonar dabino. Ruwan rijiyarmu na da zartsi, shi ya sa kafilina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kafa injin tace ruwa. Injin kan raba shi biyu: mai daɗin ya tafi gindin dabino, mai gishirin ya taru a tanki, mota ta zo ta kwashe. Kafilin ya ja mini kunne, kada ko ɗigo ya taɓa ƙasa.

To ni mutumin Adar ne. A garinmu ruwan da aka wanke gero da shi akuya ke sha, na alwala kuwa gindin bishiya ake kai shi. A ce in tsaya ina kallo a tafi da tanki guda a zubar? Raina ya ƙi. Sai na ja tiyo na riƙa sakin rabinsa cikin wani tsohon rami a jikin katanga, wai ƙasa ta sha ta tace. Har wani daɗi nake ji, ni ga wanda ya fi Balarabe sanin darajar ruwa. Wata bakwai ina wannan wauta.

A bayan katangar akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, mai noman na'ana'a. Da ita yake ci da iyalinsa, kuma rijiya ɗaya ce tal gare shi.

Wata safiya ya kira ni. Ganyen ya yi rawaya, bakin kowane fangali ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Na saci kallon katanga: tsakanin ramina da rijiyarsa bai fi taku ashirin ba.

Ya ɗebo ruwan rijiyar a kofi ya miƙo mini. "Ɗana, ku mutanen Nijar kun san ruwa. Ɗanɗana ka ji. Shekara talatin ina sha, ban taɓa jin ta haka ba."

Na kurɓa. Gishirin ruwan tankinmu ne, ba wani ba. In na faɗa, maganar za ta kai kunnen kafili, iƙamata kuma, takardar izinin zamana, a hannunsa take.

"Baba, wallahi ban sani ba," na ce.

"Shi ke nan. Wataƙila lokacinta ne ya yi."

A ranar na cire tiyon, na cike ramin da ƙasa, amma abin da ya sauka ya riga ya sauka. Kafin azumi ya tuge na'ana'arsa duka, ya koma wurin ɗansa a unguwar Sih. Da zai tafi sai da ya zagayo ya riƙe hannuna, ya ce in yafe masa idan ya taɓa saɓa mini a zaman maƙwabtaka.

Na ce na yafe.