Furannin Kawu Sale Warag

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya gaisawa da mai gida sai ya gaisa da bango. Zai yi sallama, ya cire takalmi, kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya wuce ka ya ɗora tafinsa a jikin bango. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne kamar akwai mutum a ciki. Sannan ya juyo ya ce, "Bangon ga tsirara yake, ya zol, bawan Allah. Ba ku jin kunya?" Sai bayan nan ya tambaye ka iyali.

Ƙanin mahaifiyata ne. Manomi ne kamar kowa a hillarmu, wato ƙauyenmu, kusa da garin Hasahisa, yana da hawasharsa, gonar ban-ruwa ta auduga da dawa da gyaɗa, kuma ba rago ba ne. Amma ba wanda ke tuna shi da noma. Takardar bango ce ta shiga ransa, wadda Larabawa ke ce wa warag, har sunan ya bi shi. In ka ce Sale kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Sale Warag, har yaro ya nuna maka gidan.

Ina 'yar budurwa abin ya fara. Ɗakin matarsa, Inna Kulu, yana yoyo, ga damina ta matso. Suka yi shawara ya kai maraƙinsu kasuwar Hasahisa ya sayar, ya sayo kwanon rufi. Ya tafi tun da safe. La'asar sai ga karon jaki, wato amalanke, ya tsaya a ƙofar gida, Kawu zaune a sama yana murmushi kamar ango, a bayansa wasu dogayen naɗe-naɗe sun yi tsibi, ƙura ta rufe su.

Inna Kulu ta fito tana goge hannu a zane. Ta zagaya karon sau ɗaya.

"Malam, ina kwanon?"

"Tsaya ki gani tukuna."

Ashe wani tsohon ɗan kasuwa ne ya rasu, 'ya'yansa suna kwashe shagonsa, sai Kawu ya hango kayan a can ƙurya. Tsohuwar takarda ce tun zamanin da masaƙar garin ke aiki, lokacin da manyan ma'aikata ke ƙawata gidajensu da ita. Ba wanda ya ƙara tambayarta. Kawu ya warware ɗaya a tsakar gida. Wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Manyan furanni ruwan goro da ruwan lemo, kowane fure ya kai faifai. Ya warware wata, shuɗiya da ƙananan tsuntsaye a kan reshe. Wata koriya mai ganye, wata mai da'ira cikin da'ira da ke sa mutum jiri.

"Na ce ina kwanon?" in ji Inna Kulu.

"Kulu, kwano kullum akwai shi a kasuwa. Wagga kuwa an daina yin ta."

"To in ruwa ya sauko, furannin za mu rufa?"

Ya dube ta da tausayi, kamar ita ce ba ta gane ba. Ya ce, "Haba, Kulu. Ai fure ruwa yake so."

Ruwan farko da aka yi, takardun ne suka kwana a kan angarib, wato gadonmu na igiya, an lulluɓe su da leda. Inna Kulu ta yi ta yawo da kwanonin tarar ruwa tana kiran sunan maraƙin. A ƙarshe mahaifiyata da sauran 'yan uwa ne suka rufa masa asiri suka rufe ɗakin.

To, samun takarda daban, liƙa ta daban. Ba wanda ya koya masa, kuma Kawu ba ya tambaya. Ya shafe bangon diwan, ɗakin baƙinsa, ya yi sumul, ya dama kunun fulawa mai kauri, ya liƙa shuɗiyar nan mai tsuntsaye. Ta yi kyau, kai! Mutane suka yi ta zuwa kallo har daga ƙetaren tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki. Sai dai akuyar Inna Kulu ma ta ji ƙanshin fulawa. Ranar wata Juma'a aka bar ƙofa a buɗe, muka dawo muka tarar ta cinye bangon kaf, iya inda wuyanta ya kai. Tsuntsayen sama ne kaɗai suka tsira.

Mun zaci ranar za a ci nama. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon ɓarnar, akuyar na gefe tana tuƙa. Can ya ce, "Ku bar ta. Shekara nawa akuyar ga tana wuce buhun siminti ba ta taɓa ci ba. Ta fi ku sanin kaya."

Ya yanko koriyar mai ganye ya zagaye ƙasan bangon da ita, ya raba su da siririn layi. Abin haushi, sai ya fi na farko kyau. Daga baya duk matar da ya yi wa ɗaki sai ta ce a yi mata "irin na akuya".

Amma fa bai yafe ba. Ya jiƙa jan barkono, shatta mai zafin gaske, ya shafe takardar da ruwan tun daga sama har ƙasa, wai ya ga akuyar da za ta ƙara. Bai gaya wa kowa ba. A makon ne dangin mai neman 'yarsa Amna suka zo gaisuwa daga birnin Madani, dattawa cikin fararen jallabiyoyi da rawuna. Kun san halinsa, baƙo ba zai sha ko ruwa ba sai ya taɓa bango.

"Taɓa ka ji, Alhaji. Shafa da kyau, kada ka ji tsoro. Ka ji tudun ganyen?"

Suka shafa don kunya. Ga zafin rana, ga gumi. Kowa ya kai hannu ya share fuska. Kafin a kawo shayi, babban cikinsu ya fara hawaye, na kusa da shi ya kama atishawa, wani ya cusa fuska cikin rawani yana salati. Kawu ya leƙo wajenmu a madafa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Kun gani? Mutanen birni ke nan. Kallo ɗaya, har da kuka!"

Da ƙyar aka ɗaura auren nan, kuma har yau surukan Amna ba sa jingina da bango a gidan kowa. Daga baya ya gano haɗin da ya zauna: ƙaro da ake kawo masa daga Damazin, a dafa da ganyen nim, wato darbejiya. Akuya ba ta so, gara ba ta so.

Ba ya karɓar komai a hannun kowa in ya yi aiki, sai jabana, gahawarmu mai citta da yawa. Amma kuma ba kai za ka zaɓa ba. Zai zo ya zauna a ɗakin, ya sha kofinsa, ya ga ta inda rana ke shigowa, ya dubi mai ɗakin sama da ƙasa. Ƙaramin ɗaki, ƙananan furanni. Bangon alƙibla ba tsuntsu. Inda za a yi jeren kwanoni kuwa ba ya sa mai hayaniya, wai kada su yi ta gardama da juna. Da Hawwa, ƙanwar mijin Amna, za ta tare, ta nuna wata ja ta ce ita take so.

"Ja? Ke da wannan bakin naki? Kafin wata ya mutu kun fasa wa juna kai. Kore za a sa."

"Kawu, ɗakina ne fa!"

"Ɗakinki ne, takardata ce."

Kore aka sa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa karya masa doka, abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Usman, da ya dawo daga aiki a Jidda da sabuwar takarda mai sheƙi, ruwan zinariya, mai gam a jikinta. Ya sa yaransa suka liƙa a yini ɗaya. Kawu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa.

"Usman, takardar alewa ce ka naɗe ɗaki da ita? Zafi na farko za ta faɗo maka a ka."

"Shigo mana ka zauna."

"Ni? In ta faɗo ta same ni? Kawo min tabarma nan waje."

Zafi ya zo ya wuce, takarda ba ta faɗo ba. Damina ta zo ta wuce, tana nan daram. Shekara da shekaru, kullum da yamma Kawu yana ƙofar diwan ɗin Alhaji Usman a kan tabarma, Alhaji yana ciki, suna hira ta taga, ana miƙo masa shayi. Duk wanda ya fito sai ya raɗa masa, "Ta fara ɗagowa ta kusurwa?" A ce masa a'a. Ya gyaɗa kai ya ce, "Tana tara ƙarfi ne."

Ku kun san waɗannan duka, kun sha ba da su a wajen biki. Akwai wanda ba kowa ya sani ba, kuma dominsa na zauna rubuta wannan.

Na yi aure a Damazin. Mijina, Allah Ya ji ƙansa, direban tarakta ne a manyan gonakin can. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu farga ya tafi. Aka dawo da ni gida da goyon 'yata Safiya, aka share mini tsohon ɗakin ajiyar hatsi don in yi takaba, bangonsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Na kwanta na juya wa ƙofa baya. Ba na magana, ba na cin abinci sai ɗan ruwa. Nono ya fara ƙafewa, yarinya tana kuka har muryarta ta dishe, ina ji amma kamar daga wani gida. Mahaifiyata ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. An kira malam ya yi addu'a. Ni dai bangon nan kawai nake kallo.

Wata safiya sai na ji hayaniya a tsakar gida. Kawu ne da bokitin ƙaronsa, mata sun tare shi.

"Sale, ka ji tsoron Allah! Yarinya tana takaba za ka yi mata ado?"

"Ita aka hana ado. Bangon mijinsa ya mutu?"

Ya shigo. Bai yi mini ta'aziyya ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya share bangon da nake kallo, ya shafe shi da farar ƙasa, ya tafi. Da ya bushe ya dawo da wata takarda mai launin madara da ƙananan furanni ruwan hoda. Ya hau kujera, yana 'yar waƙarsa ta hanci, ya liƙa falle na farko daidai saitin idona.

A kife ya liƙa shi. Furannin duk sun sunkuyar da kai ƙasa, ganyen na sama. Na bi shi da ido. Ya liƙa na biyu, shi ma a kife, kuma a karkace. Abin ya yi ta cizona. Da ya ɗauko na uku ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kawu, ka juya ta."

Bai ko waiwayo ba. "Wa ke magana?"

"Furannin ƙasa suke kallo."

"Ke mi kika sani? Haka ake yayi yanzu."

"Wallahi a kife take!"

"To taso ki nuna mini, tun da kin fi ni."

Na tashi don haushi. Na karɓi fallen na juya shi. Ya ce in riƙe masa ƙasan. Muka liƙa. Yana saukowa daga kujera ya dafe ciki, ya ce yunwa za ta kashe shi, ya ƙwala wa mahaifiyata kira a kawo asida, tuwonmu na dawa, da miyar kuɓewa. Da aka kawo sai ya tura kwanon tsakaninmu.

"Ni ba na ci ni kaɗai ana kallona. In ba ki sa hannu ba, na bar miki ɗakin ga rabi a kife, ki yi ta kallo."

Na sa hannu. Loma ta farko da hawaye na haɗiye ta.

Ɗakin da bai fi aikin yini biyu ba, Kawu ya kusa cinye takabata yana yin sa. Kullum falle ɗaya, kullum sai ya yi wani kuskuren da zan gyara, kullum yunwa ta kama shi. Yau ƙaro ya yi ruwa, gobe almakashi ya ɓata sai na tashi na nemo. Hawasharsa ta yi ciyawa a shekarar, Inna Kulu ce da yara suka yi ta fama, kuma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Nono ya dawo. Safiya ta yi kumatu, ta fara rarrafe tana kai hannu ga furannin.

Falle biyun farko ya ce zai gyara, bai gyara ba, ni ma ban tuna masa ba. Ban taɓa yi masa godiya da baki ba, don na san abin da zai ce, wai shi bango ya zo yi wa aiki. Bara da ya kwanta ciwon ajali na je da Safiya, ta zama budurwa. Ya kama hannunta ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni ya ce, "Kin ci abinci?"

Allah Ya ji ƙan Kawu Sale. Yadda ya shigo mini ɗaki mai duhu bai fita ba sai da ya ga na miƙe, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai a nasa. Ka yalwata masa, Ka haskaka masa, Ka ba Inna Kulu haƙurin rashinsa. Amin.